Yadda zaka tuƙa motar da injinta ke bayanka ba tare da ta juya da kai ba

Duk wanda ya taso a shekarun 1970 zuwa 1980 ya san Boswaja, waccan mai kamar kunkuru da ake haɗawa a Legas, wadda in ka buɗe gabanta sai kaga taya safeya da wajen ajiye kaya, injin kuwa yana can baya yana ta ƙara. To wannan tsarin shine asalin Porsche 911, don Ferdinand Porsche ne ya zana Boswajan, jikansa kuma ya zana jikin 911 da aka fara nunawa a Frankfurt a 1963, kuma har yau injinta na nan a bayan tayoyin baya basu matsar dashi ba. Sai kuma ɗaya kalar, masu inji a tsakiya, wato tsakanin bayan kujerar direba da tayoyin baya, irinsu Boxster da Cayman na Porsche da Toyota MR2 da Lotus Elise da Honda NSX da Audi R8 da mafi yawan Ferrari da Lamborghini da kake gani a hoto. Ni tsohuwar Boxster nake da ita anan Jamus, mai inji 2.7, kuma abin da zan faɗa maka yawanci a kanta na koya.

Abu na farko ka fahimci inda nauyi yake, in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Motar gida irin Corolla ko Golf wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinta a gaba yake. 911 akasin haka ce, wajen kashi 60 a baya. Masu inji a tsaka suna kusa da raba daidai amma duk da haka baya ya ɗan fi. In ka taɓa jan a-kori-kura da aka jibge mata buhunan siminti a can ƙarshen baya ka san yadda sitiyari ke zama sakayau a hannunka kamar tayoyin gaba basa taɓa ƙasa sosai, ko ɗan acaɓa da ya ɗaure buhun masara a kariya, to kusan hakan ne, bambancin kawai nan injiniyoyi sun yi da gangan kuma akwai riba a ciki. Nauyin na danne tayoyin da ke tura motar, shiyasa in ka fito daga kwana ka taka totur bata ɓata lokaci wajen murza taya a banza, tafiya kawai take. Birkinta ma ya fi kamawa don tayoyi huɗun duka suna aiki. Abin da yasa kenan tun da Jack Brabham ya ci gasar Formula 1 ta 1959 da motar Cooper mai inji a bayan direba kowa ya koma can, hatta Corvette ta Amurka da ta shekara fiye da sittin da inji a gaba ta sallama ta maida shi tsakiya a ƙirar 2020.

Yanzu ga wajen da nake so ka nutsu. Duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur nauyin mota gaba yake tafiya, in ka taka kuma ya koma baya. A miƙaƙƙen titi wannan ba komai bane. Amma ace kana tsakiyar kwana da gudu, tayoyin baya suna iya ƙoƙarinsu wajen riƙe wannan uban nauyin injin, sai wani abu ya tsorata ka ka cire ƙafa gaba ɗaya lokaci guda, to ka ɗauke musu nauyin da ke danne su a ƙasa alhali injin yana nan yana jan su waje, sai kawai baya ya fara zuwa ya wuce gaba. Ni ta faru dani a wani shataletale da safe bayan an yi yayyafi, gudun ma bai kai a kira shi gudu ba, na shiga a giya ta biyu ina ɗan matsawa sai na hango wata mota kamar zata shigo, na zare ƙafa, wallahi kafin in ƙifta ido motar ta yi katantanwa ina fuskantar inda na fito. Allah Ya tsare babu kowa a bayana, na samu gefe na tsaya hannuna na rawa a kan sitiyari na kusan minti biyar. Da Golf ce da babu abin da zai faru sai ma ta ƙara shiga kwanar da kyau, kuma nan ne haɗarin yake, don abin da jikinka ya saba yi a motar gida shine daidai abin da wannan bata so.

Ba ni kaɗai ba. 911 Turbo ta 1975 har laƙabi aka yi mata da mai sa matan aure takaba, saboda ƙarfin turbo ɗinta baya zuwa a hankali, shiru shiru sai ya zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana, direba ya firgita ya saki totur, shikenan. Toyota ma sai da suka gyara ƙafafun bayan MR2 ta biyu wajen 1992 saboda ƙorafin tana juyewa ba gargaɗi.

To yaya ake yi. Ka yi mafi yawan birkinka tun motar na miƙe, ka sauke giyar da kake buƙata tun kafin ka karya sitiyari, don in ka sauke giya a cikin kwana ka saki kuloci da gaggawa tayoyin baya zasu ɗan cije kamar an ja hambirki. Ka shiga a hankali fiye da yadda zuciyarka ke gaya maka, ka saki birkin sannu sannu yayin da kake fara juya sitiyari saboda ɗan nauyin da ya rage a gaba shine ke taimaka wa hancin motar ya shiga, musamman a 911 da gabanta ba nauyi. Daga nan ka ɗora ƙafa a totur ka riƙe shi daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, sai ka hango mafita sannan ka fara ƙarawa kana warware sitiyari. In ka ga ka shiga da gudu fiye da kima, rage ƙafar kaɗan kaɗan kamar mai tsoron tada jariri daga barci, kar ka fizge ta. In kuma baya ya riga ya fara zamewa, idonka ya tsaya a inda kake son zuwa ba kan abin da kake tsoron buga ba, ka juya sitiyari ɓangaren da bayan ke tafiya, da sauri amma ba da yawa ba, kuma ka shirya maido shi, don da yawa ba zamewar farko ke kada su ba, dawowar ce. In ta ƙwace gaba ɗaya ka danne kuloci da birki tare har ta tsaya cak.

Akwai ɗan bambanci tsakanin biyun. Mai inji a tsaka nauyinta a dunƙule yake wuri guda, tana jin sitiyari kamar tana karanta tunaninka, tana riƙe titi har ka ɗauka bata da iyaka, amma ranar da ta saki da sauri take juyawa. 911 kuwa kamar majajjawa ce, zaka ji bayan na lilo yana maka magana tukunna, sai dai in ya tafi tsayar dashi aiki ne. Sababbin duk suna da na'urar da ke kama zamewa, Porsche na kiranta PSM, dan Allah ka barta a kunne a kan titi, tawa bata da ita don lokacin sai ka biya ƙari ake sa maka. Kuma duk wannan bayanin ba a koyon shi a titin jama'a, ni bayan abin shataletalen nan na biya kuɗin kwana ɗaya a filin koyon tuƙi na ADAC, ƙungiyar masu motoci ta Jamus, inda suke jiƙa kwalta da ruwa ka yi ta zamewa babu abin bugawa, kuma a duk kuɗin da na kashe wa motar nan babu wanda ya kai wannan amfani.

Taya kuma kar ka yi mata rowa. Na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, tawa faɗin milimita 205 ne a gaba 255 a baya, don haka babu zancen musanya su, kuma na baya sun fi saurin cinyewa nesa ba kusa ba. Iskar ma daban, a ma'aunin psi Boxster irin tawa 29 a gaba 36 a baya, 911 ƙirar da ake kira 996 kuma 36 da 44, to ka tsaya a kan mai faci da kanka don in ka barshi duka huɗun zai cika daidai kamar yadda ya saba. Ka duba lambobi huɗun nan a gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ta haura shekara 6 ka canza ko da zanenta na nan raɗau, robar ta bushe. A ruwan sama ka rage gudu sosai tunda gaban ba nauyi, shi ke fara hawa kan ruwa.

Wajen kula da inji, abin da ke ba mutane mamaki shine injin na baya amma lagireto na gaba, a kusurwoyin bamba, ƙasa ƙasa inda yake kwasar ganye da leda da yashi su taru tsakaninsa da na AC su ruɓe su ci ƙarfen. A cire bamba a wanke duk shekara, in kuwa gida zaka kaita inda ga ƙurar hunturu ga zafin Afrilu, to fiye da sau ɗaya. Bututun ruwan dogaye ne daga gaba har baya, in aka canza ruwa ba'a fitar da iska da kyau ba zata yi ta zafi. Tsofaffin 911 masu sanyaya da iska, wato har zuwa 993 da aka daina a 1998, ba'a duba baƙin mansu a kashe, sai inji ya yi zafi yana sulo a wuri mai daidai, wanda bai sani ba sai ya ga kamar babu mai ya ƙara har ya wuce. In zaka sayi Boxster ko 911 ta tsakanin 1997 da 2005 ka tambayi ko an canza boris ɗin IMS, wato na wani shaft da ke cikin injin, ƙaramin abu ne amma in ya fashe injin gaba ɗaya ya tafi, kuma kar ka biya kuɗi sai makanikin da ya san irin motar ya ɗaga ta ya duba ƙasa. Fetur kuma mai lambar octane 98 kamfanin ya rubuta, in babu shi a inda kake kar ka riƙa matsa mata a cikin zafin rana.

Bam na rage gudu da gangaren shiga gida a karkace ake hawansu, taya ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba zaka ji haɓar motar na gurzar ƙasa. Batir ɗin yana cikin but na gaba, kuma a ƙirar 2001 zuwa sama da lantarki murfin ke buɗewa, kenan in batir ya mutu ba zaka iya kai wa gare shi ba, sai ka nemi ɗan jan ƙarfen da ke cikin akwatin fis kusa da ƙafar direba ka jona masa wani batir tukunna murfin ya buɗe. Ka nemo inda yake tun yau da rana, kafin ka buƙace shi da daddare.