Yadda ake raba gida da lambu da kiyashi da tururuwa

Yawancin masu fama da kiyashi da gwangwanin feshi suke farawa, kuma a nan suke ɓata aikin. Sai a ga layi ya taso daga gindin bango ya nufi inda sukari yake, a fesa, a share gawarwaki, a ce an gama. Kwana biyu sai wani layin ya ɓullo ta wani lungun. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Waɗanda kake gani a waje 'yan neman abinci ne kawai, kuma su ne ƙaramin kaso na gidan. Sarauniya tana can cikin rami ko cikin bango tana zuba ƙwai, ba ta fitowa, kuma muddin tana raye kullum akwai masu maye gurbin waɗanda ka kashe. Akwai ma wasu ƙananan kiyashi masu ɗan launin rawaya da ke tara sarauniyoyi da yawa a gida ɗaya. Idan feshi ya dame su sai su rarrabu, kowace ƙungiya ta kwashi sarauniya da 'ya'ya ta kafa sabon gida a wani ɗakin. Don haka ajiye gwangwanin nan tukuna.

Fara da tabbatar da cewa ba gara ce ta shigo maka ba. Tururuwa da kiyashi suna da siririn ƙugu, 'yan ƙahonninsu a lanƙwashe. Gara kuwa ba ta da ƙugu, jikinta fari-fari ne, kuma tana gina hanyar laka a jikin bango ko katako. Idan gara ce, wannan dabarar ba za ta yi maka komai ba.

Daga nan bi layin da ido har inda suke shigowa, kada ka taɓa su. Layin nan ba da ka suke yin sa ba: wadda ta fara gano abinci tana barin wani ƙamshi a ƙasa a hanyarta ta komawa, sauran su bi. Wannan hanyar ita ce za ta kai maka saƙo har wurin sarauniya, saboda haka kada ka goge ta yanzu. A gefen layin ka ɗiga ruwan sukari a kan wata 'yar takarda, ka sa ɗan maiƙo a kan wata. Ba duka ne masu son zaƙi ba, kuma gida ɗaya ma yakan canza abin da yake so idan yana renon 'ya'ya. Wanda suka taru a kai, da shi za ka haɗa tarko.

Haɗin tarkon shi ne wurin da na fi ganin mutane suna faɗuwa. Ka nemi garin borik asid, wani farin sinadari mai kashe ƙwari, ko ɗan'uwansa boraks idan shi ka samu. Ba abu ne mai tsada ba, kuma kaɗan ake buƙata. A kofi ɗaya na ruwan ɗumi ka zuba ƙaramin cokali 9 na sukari da rabin ƙaramin cokali na borik asid, ka juya har komai ya narke. Rabin cokali na ce. Wannan zai ba ka kusan kashi 1 cikin 100, kuma shi ake so. Kusan duk wanda ya ji wannan awon sai ya raina shi, ya ƙara cokali biyu ko uku don abin ya yi ƙarfi. To, idan ya yi ƙarfi ɗayan biyu ne: ko su ji ɗanɗanonsa su ƙi sha, ko su sha su mutu a bakin tarkon kafin su isa gida. Abin da kake nema shi ne ta sha ta ƙoshi, ta koma da ƙafarta, ta amayar wa 'yan uwanta baki da baki kamar yadda suka saba, har ya kai ga 'ya'ya da sarauniya. Idan ka wayi gari ka tarar da gawarwaki jibge a kusa da tarkon, kada ka yi murna, haɗin ya yi ƙarfi. Zubar ka sake.

Ni na fi son na ruwa a kan na gari, domin manyansu masu fita neman abinci ruwa-ruwa suke iya haɗiya, busasshen abinci sai sun kai wa 'ya'yansu. Jiƙa auduga da haɗin, ka sa a cikin ƙaramar roba mai murfi, ka huda 'yan ƙananan ƙofofi a gefenta. Audugar tana hana su nutsewa, murfin kuma yana rage bushewa. Idan masu son maiƙo ne, kwaɓa ɗan garin kaɗan sosai a cikin maiƙon da suka zaɓa. Wanda ba ya son wahalar awo zai iya sayen haɗaɗɗen maganin tarko, irin masu ɗauke da fifronil ko makamancinsa, ya bi abin da aka rubuta a jiki. Ya fi tsada, amma tsarin aikinsu ɗaya ne. Ko wanne ka zaɓa, guba ne: rubuta a jikin kwalbar, ka ajiye inda yaro ko dabba ba za su kai ba, kuma kada ka auna da cokalin da ake cin abinci da shi.

Ajiye tarkon dab da layin, kusa da inda suke shigowa. Kwashe duk wani abincin da zai raba musu hankali, ka rufe kwandon shara, ka gyara famfon da ke ɗiga, domin ruwa ma yana kawo su. A kwanakin farko za su ƙaru, har ka ga robar ta yi baƙi. A nan ne hannu yake ƙaiƙayi a ɗauko feshi. Kada ka fesa, ko a kusa da wurin. Duk wadda ka kashe a hanya, ka rage mai kai maka saƙo. Ka dai riƙa duba audugar kada ta bushe, domin idan ruwan ya ƙafe gubar tana ƙara ƙarfi. Sabunta ta bayan 'yan kwanaki. Ba aikin dare ɗaya ba ne, babban gida yakan ɗauki makonni kafin layin ya tsinke gaba ɗaya.

Sai layin ya ɗauke sannan za ka wanke hanyar da ruwan sabulu ko ruwan khal, ka toshe tsagar da siminti ko wani abin liƙi. Masu zana alli ko barbaɗa yaji a bakin ƙofa, hanya kawai suke canza musu.

A lambu kuwa ba kowane rami ne abin yaƙi ba, domin tururuwa tana sassauta ƙasa tana kuma cin wasu ƙwarin. Amma idan ka ga suna hawa da sauka a jikin shuka, juya bayan ganyen ka duba, galibi darɓa za ka tarar, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Ruwan zaƙin da take fitarwa suke sha, su kuma suna kare ta daga ƙwarin da ke cin ta. Wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi ko ruwan sabulu marar kauri, da yamma. Idan bishiya ce, naɗa mata takarda mai kauri a gindi ka shafa abu mai danƙo a kan takardar, ba a kan ɓawon ba, sannan ka sare rassan da suka taɓa bango ko ƙasa. Tafasasshen ruwa a rami yana aiki wani lokaci, amma yana dafa saiwar duk shukar da ke kusa, kuma sau da yawa ba ya kaiwa ga sarauniya, don haka bar shi ga ramin da ke fili. Idan a tukunyar shuka suka yi gida, tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa mai ɗan sabulu kamar minti 20, ka cire ta ta tsane. Tarkon waje kuma a cikin roba mai murfi zai zauna a inuwa, kada ka zuba haɗin a ƙasa, domin borik asid mai yawa yana cutar da shuka.