Yadda Ake Tantance Tsohon Takobin Japan Kafin A Biya Kuɗi

Sabon shiga a harkar nan idonsa kan kube yake fara sauka, sai adon ƙota, sai ƙyallin ƙarfe. Duk waɗannan ana iya canza su, kuma an sha canza su a tsawon shekaru ɗari uku ko huɗu. Tarihin takobi yana cikin ƙota, a jikin wutsiyar ƙarfen da Japanawa ke kira nakago. Mai sayarwar da ya ƙi nuna maka hoton nakago gaba da baya, ka bar masa kayansa.

Da farko ka cire ƙota. Ɗan tsinken gora ne guda, mekugi, yake riƙe da ita. Ka tura shi ya fita, ka riƙe takobin a tsaye da hannun hagu, ka ɗan daki wuyan hannun da na dama, ƙarfen zai saki. Kada yatsa ya taɓa jikin takobin, gumi yana barin tsatsa.

Yanzu ka dubi launin nakago. Na tsohon takobi baƙi ne wuluk ko ruwan ƙasa mai duhu, tsatsar ta kwanta lumui. Na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana da sauran hasken ƙarfe. Ja mai garin ƙura a kan takobin da aka ce ya shekara ɗari biyar alama ce ta tsatsar da aka haɗa jiya.

A nan na yi asarar da har yau take min ciwo. Takobina na farko gajere ne, wakizashi, daga hannun wani dillali a intanet. Na ga rubutu a ƙarƙashin tsatsa, na ɗauko sanfefa na goge don in karanta. Rubutun ya fito, amma na share shaida. Masana da wannan baƙar tsatsar suke kimanta shekaru, da kuma zanen magagari da maƙeri ya bari, yasurime, wanda kowane gidan ƙira yake da salonsa. Da na so sayarwa, ko rabin kuɗina ba a taya ba. Nakago ba a goge shi, ba a wanke shi, ba a sa masa maganin tsatsa. In rubutu ya ƙi karantuwa, haska tocila daga gefe.

Sa hannun maƙeri, mei, shi ne abin da ya fi ruɗin mutane. Sa hannun jabu, gimei, tun zamanin samurai ake yin sa, don haka takobi na iya zama tsoho na gaske amma sunan da ke jikinsa ƙarya ne. Sunan Kotetsu, maƙerin birnin Edo (Tokyo ta yanzu) na ƙarni na 17, ya sha wannan har masu harkar suna cewa in ka ga Kotetsu ka ɗauka jabu ne. Shahararren maƙeri Masamune kuwa ayyukansa masu sa hannu 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ni a ganina mai farawa ya sayi takobi marar sa hannu, mumei, mai takardar shaida. Ya fi araha, kuma ba a cuce ka da suna ba. Tsofaffin takubba da yawa sun rasa sa hannunsu ne lokacin da aka rage musu tsawo daga wajen wutsiya, shi ya sa za ka ga hudar mekugi biyu ko uku a jikin nakago.

In ka ga ɗan hatimi a saman rubutun, na garin Seki ko furen ceri mai alamar zamanin Showa, takobin soja ne da ba a ƙera ta hanyar gargajiya ba. Yana da masu so, amma ba a kuɗin tsohon takobi ba.

Sai jikin ƙarfen. Ka juya shi ga kwan fitila guda ka bi layin hamon, wato iyakar kaifin da aka taurara. Na gaske yana da zurfi kamar hazo, ya bi har cikin tsini. Na jabu da ruwan asid ake zana shi, yana zaune a sama, ga manyan zane masu kama da jijiyar katako sun cika jiki. Lambobi da aka buga a kan habaki, abin wuyan nan na tagulla, su ma alamar jabu ne. Ka nemi hagire, tsaga siririya da ta ratsa kaifi. Ba ta gyaruwa, komai arahar takobin kada ka saya.

Batun takarda: katin torokusho da hukumomin ilimi na lardunan Japan ke bayarwa rajista ce kawai, ba ta tabbatar da sunan maƙeri. Abin nema shi ne shaidar NBTHK, ƙungiyar kare takubban Japan da aka kafa a 1948, shaidar tana da matakai huɗu daga ƙasa zuwa sama: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, Tokubetsu Juyo. Tsofaffin takardunta na ƙananan matakai na kafin 1982 ba a dogara da su yanzu. Ka gwada hoton nakago da ke jikin takardar da wanda ke hannunka, huda da huda, ka auna tsawo. Katana, dogon takobi, ta haura santimita 60, wakizashi tsakanin 30 da 60.

Fitar da takobi daga Japan sai da izinin hukumar al'adu, dillali ne ke nema, yana ɗaukar makonni. Ka tambayi kwastan na ƙasarka kafin ka tura ko sisi. In ya iso, a shafa kaɗan daga man takobi, choji, a kan ƙarfe, a ajiye cikin kuben katako zalla, shirasaya, kaifi yana kallon sama. Wasa shi kuwa aikin gwanin gogewa ne da ya yi shekaru yana koyo, kuma kuɗinsa kan fi kuɗin takobin mai farawa.