Yadda Ake Shirya Tafiya Daga Arewa Zuwa Limbe da Dutsen Kamaru

Mutumin Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru da ya san duwatsun Mandara da ƙoƙuwar Rumsiki yakan ɗauka ya gama sanin dutse, amma a yankin Kudu maso Yamma akwai wani irin dutse dabam, wanda ƙafarsa ke cikin teku, kansa kuma ya haura mita 4,000. Wannan shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Kamaru da Afirka ta Yamma, kuma har yau bai daina aman wuta ba. Tafiya ce da ta cancanci wahalarta, sai dai tana son shiri, domin ruwan sama da sanyi da teku na can ba irin waɗanda muka saba da su ba ne.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne yawancin tafiyar ke gyaruwa ko ta lalace. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ruwa ke sauƙi. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa ana iya wuni ana kwana ana tafka shi, gajimare ya rufe dutsen har baƙo ya koma gida bai ga kansa ba. Bayan wata, sai ka duba rana. Tun da rikicin yankunan masu amfani da Turancin Ingilishi ya tsananta a 2017, ranar Litinin ta zama ranar zaman gida a garuruwa da yawa na can, shaguna a rufe, motoci ƙalilan a kan titi. Kada ka shiga yankin ko ka fito a wannan rana, kada ka yi tafiyar dare, kuma kafin ka tashi ka kira wani ɗan uwa da ke zaune a Limbe ko Buya ya faɗa maka halin da ake ciki a makon. Idan ya ce ka dakata, ka dakata. Dutsen ba zai gudu ba.

Hanyar kanta sananniya ce. Mota za ta kai ka Ngaundare, daga nan jirgin ƙasa na Camrail ya kwana da kai a hanya zuwa Yawunde, kuma ya fi kyau ka sayi tikitin taragon kwanciya da wuri, musamman idan da iyali kake tafe. Daga Yawunde zuwa Duwala kimanin kilomita 240 ne, daga Duwala zuwa Limbe kuwa kusan 70. Katin shaidarka ya kasance a aljihun gaba, domin shingayen jandarmomi suna da yawa bayan an tsallaka kogin Mungo. Mai son ya tsaya inda ransa ya so ya ɗauki shatar mota a Duwala tare da direban da ya san yankin, a gama ciniki kan kuɗin mai da na kwanan direba kafin a kama hanya.

Da ka bar unguwar Bonaberi ta Duwala za ka fara ratsa gonakin roba da kwakwar manja da ayaba na kamfanin CDC, layi bayan layi har ido ya gaji. A Mutengene hanya ke rabuwa, ɗaya ta haura Buya, ɗaya ta gangara Limbe. Shawarata ita ce ka fara da Limbe, jiki ya huta kafin a tunkari hawa. Garin, wanda ake kira Victoria har zuwa 1982, yana da lambun itatuwa da Jamusawa suka kafa a 1892, da cibiyar kula da namun daji inda yara za su ga gwaggon biri ido da ido. Da yamma a nufi Down Beach, inda mata ke gasa kifin da masunta suka fito da shi a ranar; ka zaɓi kifinka da hannunka, a yi ciniki, a gasa a gabanka, a kawo shi da soyayyar ayaba da barkono. Ga wanda ke kula da halaccin abin da zai ci, kifin ya raba gardama, kuma akwai masallatai da 'yan arewa masu kasuwanci da za su nuna maka masauki mai mutunci.

Ranar da ta fi kowace daɗi a tafiyar, a ganina, ita ce ta bin hanyar bakin teku daga Limbe zuwa Idenau. Ka tashi bayan sallar asuba da cikakken tanki, tun kafin gajimare ya taru. Teku zai kasance a hagunka, dutse a damanka, kuma ƙololuwar Etinde mai tsini, wadda ake kira Ƙaramin Dutsen Kamaru, za ta daɗe tana binka. Yashin gaɓar baƙi ne saboda asalinsa narkakken dutse, yana kuma ɗaukar zafi da rana har ya ƙona tafin ƙafa. Kusa da Bakingili ka tsaya: a 1999 narkakken dutse ya gangaro ta cikin gonakin kwakwar manja ya datse titin, ya tsaya dab da teku, aka karkatar da hanyar ta zagaye shi. Yana nan har yau kamar tulin gawayi da ya fi gida tsawo, ciyayi sun fara tsirowa a tsagoginsa, ana kuma iya hawa kansa idan takalmin mai ƙwari ne, domin duwatsun na da kaifi. Gaba kaɗan sai Debunsha, inda ruwan sama na shekara ke kai kusan milimita 10,000, wato ninki goma ko fiye na abin da Marwa ke samu. Idan sama ta washe ana hango tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini.

Game da wanka a teku, iya iyo a kogin Binuwai ba ya wadatarwa, saboda igiyar ruwa tana janye mutum ta ƙarƙashi. A shiga inda mutanen gari ke shiga, kada ruwa ya wuce ƙugu, yara kuma a riƙe su da hannu.

Sai hawan dutse, wanda ake farawa daga Buya, tsohuwar hedikwatar mulkin Jamus daga 1901. Tun 2009 dutsen ya zama gandun ƙasa, don haka ana biyan kuɗin shiga, ana kuma ɗaukar ɗan jagora da 'yan dako daga ofishin da aka amince da shi, ba daga bakin tasha ba. Zakarun tseren da ake yi duk Fabrairu sukan hau su sauko cikin ƙasa da awa biyar, amma kai ka ware kwana biyu ko uku. Hanyar tana farawa da kurmi mai danshi, sannan ta fita fili mai ciyawa da tsakuwa inda babu inuwa, ana kwana a bukka ta biyu da ke wajen mita 2,800. Ka tanadi rigar sanyi mai kauri, hular kunne, safar hannu, rigar ruwa, tocila, da ruwan sha mai yawa, domin samansa ba shi da ruwa, sanyin dare kuma ya fi na tsakiyar hunturunmu nesa ba kusa ba. Dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi guzuri ne mara nauyi mai riƙe ciki. Idan ciwon kai mai tsanani ko jiri ko amai ya kama ka, alamar ƙarancin iska ce, maganinta kuma saukowa nan take. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, ko ya tsaya a bukka ta farko cikin kurmi, wadda ake zuwa a dawo a wuni ɗaya.

Saukowa ta fi wahalar da gwiwa, saboda haka ka riƙe sanda, ka kuma bar kwana ɗaya na hutu a Buya ko Limbe kafin ranar da ka yanki tikitin jirgin komawa Ngaundare.