Yadda ake tura kayan gida ƙasar waje a kwantena daga Legas

'Yan'uwa daga Agege da Idi-Araba sun sha yi mini wannan tambaya. Ga matakan:

1. Ka ware abin da ya cancanci tafiya. Mai zuwa Amurka ya bar firji da injin wanki: wutar can bolt 120 ce, tamu 230. A Ingila kuwa za su yi aiki.

2. Ka zaɓi kwantena, mai ƙafa 20 ko 40. In kayan kaɗan ne, ku haɗa da wasu.

3. Ka nemi farashin ejan uku masu tura kaya a rubuce. Hattara a nan! Ka tambaya: kuɗin zuwa tashar ruwa ne kawai, ko har ƙofar gida? Nan ake kuka.

4. Ka rubuta abin da ke cikin kowane kwali, ka sa masa lamba. Kwastam za su duba.

5. Kada ka sa tukunyar gas, fetur ko kilishi. Na san kilishin da ciwo, amma ƙwace shi za su yi.

6. Fasfo, takardun makaranta da gwal ɗin uwargida su bi ka a jirgin sama.

7. Ka yi inshora.

8. Ka tsaya a kulle kwantenar a gabanka kafin ta wuce tashar ruwan Apapa ko ta Tin Can, ka ɗauki hoton lambar hatimin da aka kulle ƙofarta da shi.

9. Ka karɓi takardar lodin jirgi. Sai da ita za a sakar maka kaya, kuma jinkirin ɗauka kuɗin ajiya ne kullum.