Yadda zaka hana gubar dalma shigo maka gida in kana aikin zinari

Wannan rubutun na 'yan uwanmu ne masu zuwa haƙar zinari, da matan da ke gida suna jiransu, don gaskiya su ma matan sun fi buƙatarshi. Yanzu da wuya ka samu unguwa a Katsina da ba wanda ya tafi aikin dutse, wasu nan yankin da ke iyaka da Zamfara wajen Jibia, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, wasu sun tsallaka Anka ko jihar Neja, wasu kau tunda aka samu zinari a Jado ta ƙasar Nijar cikin 2014 hanyar Agadas kawai suka sani. Ni bazan ce ma kowa ya bar neman abincinshi ba, wa zai ciyar dashi? Magana ɗaya ce, dutsen nan da ƙurarshi kada su ƙetare ƙofar gidanka.

Dalili kuwa shine abinda ya faru a Zamfara cikin 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum irinsu Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma, maza na kawo dutsen gida, mata na dakawa a turmi a tsakar gida, wasu a kai injin niƙa, yara na rarrafe a wurin suna sa hannu a baki, ashe dutsen cike yake da dalma. Agwagi ne suka fara mutuwa ba wanda ya kula, sai yara suka biyo baya, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara sannan aka gano kan abin. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. A 2015 aka sake yin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Kaga kenan ba Zamfara ce kaɗai keda matsalar ba, duk inda aka daka dutse mai dalma kusa da yara haka zata kasance, kuma da ido bazaka iya rantsewa cewa naka dutsen babu ita ba.

To abu na farko, daka da niƙa da wanki duk a yisu can bakin aiki, nesa da gari, nesa da rijiya da inda dabbobi ke shan ruwa. Na san abinda za'a ce, ai in ka bar buhunka a daji sace shi za'ai. Gaskiya ne, amma gara ku haɗa kuɗi ku biya mai gadi ko ku kama shago ɗaya a bayan gari da kwaɗo, da ka ajiye shi ƙarƙashin gadon da jaririnka ke kwana. Turmi da taɓarya da rariya da kwanon da suka taɓa dutse sun tashi daga kayan abinci har abada, wanki baya fidda dalmar daga jikinsu. Buhun da aka zuba dutse kada a zuba gero ko masara ciki, kada a shimfiɗa shi ai shanyar kuɓewa ko barkono. Injin da ke niƙa dutse kuma kada wanda ya kai mashi niƙan tuwo ko da kyauta zai yi.

Wajen niƙan, a riƙa jiƙa dutsen. Niƙan busasshe shi ke tada farar ƙurar nan da zaka ga ta rufe ma mutum gira da gashin baki kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, ita ce ke ɗauke da dalmar, ita ce kuma ke cinye huhu a hankali har mutum ya koma tari da haki ana ta bashi maganin tarin fuka ba sauƙi. Injin da ke niƙa da ruwa yafi, in babu a yayyafa. Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci baya tare ƙananan ƙwayoyin ƙurar, a nemi takunkumi na ainihi mai matata wanda ke kama fuska, irin N95 ko sama da haka.

Inda aka fi sakaci shine dawowa gida. Mutum ya tashi aiki da rigarshi da wandonshi da takalminshi ya hau mashin, yana shigowa yara su rugo Baba oyoyo su rungume shi, shikenan ya kawo masu. Ka ware kayan aiki daban su zauna can, kayi wanka da sabulu ka wanke kai da ƙarƙashin farce kafin ka sa kayan gida, takalmin ma ya tsaya can. Uwargida dan Allah kada ki karɓi kayan aikin maigida ki kakkaɓe a tsakar gida ko ki haɗa su a baho ɗaya da na yara, shi ya wanke abinshi a wurin aiki. Mai ciki da mai goyo basu da abin yi a wurin niƙa, ko tallar abinci ce, don dalma na ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da ke ciki. Yaran da ake turawa tallar fura da awara bakin rami suma haka, a buɗe abincin ke shan ƙura yini guda.

Sai zaiba, wato makurin da ake kama zinari dashi. Lokacin da ake ƙona shi don zinarin ya fito, hayaƙin baya da wari baya da launi amma kai tsaye yake zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi yasa zaka ga tsohon mai ƙonawa hannunshi na rawa yana yawan mantuwa. Kada a ƙona a ɗaki ko a madafa, kada a yi a murhun da ake girki, a fita fili inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da kai da mutane. Akwai 'yar na'ura ta bututun ƙarfe da ke kama tururin ta maida shi ruwa, mai walda na iya haɗa ta in ya ga samfuri, kuma riba ce gareka tunda zaibar zata dawo ka sake aiki da ita.

Yanzu ta ya zaka gane yaro ya kamu? Nan ne wahalar take, don da yawa basa nuna komai sai abin yayi nisa. Jikin ƙaramin yaro na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma hukumar lafiya ta duniya tace babu wani adadinta a jini da za'a ce ba komai. In kaga ciwon ciki, amai, rashin cin abinci, kasala, yawan kuka, ƙarancin jini, ko yaron da ya fara tafiya ko magana ya koma baya, balle ace ya fara jijjiga yana suma, kada a tsaya cewa iska ce ko shawara a ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti, kuma ka buɗe baki ka faɗa ma likita cewa ana aikin zinari a gidan, in ba haka ba zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau za'a yi ta nema tunda alamun sun yi kama. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Akwai maganin da ke fidda dalma daga jini, shi aka ba yaran Zamfara, amma likita ke bada shi, kuma ɓarnar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa bata gyaruwa. Madara ba makarin guba bace kamar yadda ake faɗa, sai dai yaron da ke samun nono, wake, zogale, hanta da kifi jikinshi baya zuƙar dalmar kamar na mai yunwa. Af, har tozalin da ake ranbaɗa ma jarirai, na dutsen nan mai ƙyalli yawanci dalma ce, a bar sa masu.

In kuma an riga an daɗe ana daka a gidan, dainawa kaɗai bata isa ba, dalma bata ruɓewa, tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru. Shara da busasshiyar tsintsiya ƙara tada ta take, a yayyafa ruwa tukuna. Abinda akai a Zamfara, har da ƙauyen Bagega na Anka a 2013, shine kankare ƙasar saman tsakar gida da ɗakuna wajen santimita 5, a kai ta rami na musamman a binne, a zubo sabuwa mai tsabta, kuma sai an gama wannan ake fara ba yaran magani don in yaro ya koma gida mai guba aikin banza akai. Kada ka kankare da kanka ka zubar bayan katanga inda yaran maƙwabta ke wasa, ku sanar da mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a fidda yaran zuwa gidan dangi kafin nan. Ragowar ƙasar da aka wanke zinari kuma kada a buga bulo ko a yi yaɓe da ita, tafasa ruwan rijiyar da ta gurɓata ma baya fidda dalma, sai dai a canza inda ake ɗiba.