Yadda Makarantun Karkara Za Su Haɗa Ƙarfi Wajen Koyarwa da Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara gwada wannan tsari a kan masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Ɗalibin da ya tashi a wani ƙauye na ƙasar Ringim ko ta Sumaila yana iya kaiwa ranar jarrabawar nan bai taɓa ɗora yatsa a kan madannan kwamfuta ba. Makarantar ƙauye ita kaɗai ba ta da ƙarfin sayen kaya da samar da wuta da biyan mai gyara, amma makarantu huɗu ko biyar da ke maƙwabtaka suna iya ɗaukar nauyin tare, kamar yadda ake gayya a gona, muddin an tsara abin tun kafin a sayi ko da waya ɗaya.

A fara da zaɓen abokan tafiya, kuma ma'aunin shi ne hanya. Makarantun su kasance inda babur zai kai cikin rabin awa, kuma a yi lissafin da damina, domin a ƙasashen Auyo da Miga da Kafin Hausa ruwa yakan raba ƙauye da ƙauye a watannin Agusta da Satumba. Ɗaya daga cikin makarantun za ta zama cibiya, kuma ya fi kyau ta kasance wadda ke da ɗaki mai silin da ƙofar ƙarfe da maigadi, ko da ba ita ce mafi girma ba. Bayan shugabannin makarantun sun amince a tsakaninsu, sai su kai maganar gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, domin kada gobe a ce an fitar da kayan gwamnati ba tare da izini ba, sannan su zauna da kwamitocin kula da makarantu na SBMC da ƙungiyoyin iyaye da malamai, a sanar da dagatai da masu unguwanni.

Abin da ya fi sayen kaya muhimmanci shi ne yarjejeniya a rubuce, da Hausa, mai ɗauke da sa hannun kowane shugaban makaranta da shugaban kwamitinta. A bayyana a cikinta wanda ke riƙe da mabuɗi da sunansa, da wanda zai karɓa idan an yi masa canjin wurin aiki, da wanda zai biya idan abu ya lalace a hannun wata makaranta, da kuma abubuwan da aka haramta. Wajibi ne a ambaci haramcin nan dalla-dalla, saboda matsalar da takan kashe irin wannan shiri ba sata ba ce, kunya ce. Wani babban mutum zai aiko a ara masa majigi da lasifika don taron biki, wani kuma zai turo yaro da wayoyi shida a leda a sa masa caji, malamin da ke riƙe da mabuɗi kuma ba zai iya cewa a'a ba. Idan akwai takardar da dagaci ya shaida, malamin yana da abin da zai nuna, ya ba da haƙuri ba tare da ya ɓata da kowa ba.

Daga nan sai wuta. Ko a inda turakun kamfanin wutar lantarki na KEDCO suka isa, ba a gina jadawalin darasi a kan wutar da ba a san lokacin zuwanta ba, janareta kuwa mai yake ci kullum, don haka sola ce mafita. Lissafin ba shi da wuya. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin wat 45 zuwa 65, ƙaramin majigi na zamani yana cin ƙasa da wat 100, kwamfutar hannu kuwa kimanin wat 10 take ja yayin caji. Farantin sola mai wat 300 a irin ranar Jigawa yana iya tara wutar da ta kai wat 1,000 na awa guda a yini bayan an cire asara, wato abin da zai riƙe kwamfuta da majigi na awa huɗu, ya kuma cika kwamfutocin hannu goma. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar ninki biyu na wannan da ɗoriya, sai dai ba a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu tun kafin lokacinsa. A lokacin hunturu ƙura takan rufe farantin ta rage masa ƙarfi ƙwarai, saboda haka a sa ɗalibi babba ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a ajiye batir da inbata a inuwa inda iska ke ratsawa, a bisa katako.

Kada a jira intanet. Yawancin abin da ake buƙata a aji ana iya sauke shi sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba tare da data ba. Manhajar Kolibri kyauta ce, ana ɗora ta a kan kwamfuta guda, sauran na'urori su riƙa ɗauko darasi daga gare ta ta ƙaramar na'urar haɗi a cikin aji. Manhajar Kiwix tana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba sabis. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, mai darussa bisa manhajar karatun ƙasa. A nan ne haɗin gwiwa ke nuna amfaninsa: malami ɗaya ya je Dutse ko Hadeja ko duk inda sabis ke da ƙarfi, ya sauke kayan zangon karatu da datar da aka haɗa kuɗinta, ya dawo ya rarraba ta filash ko Xender.

A ganina, darasin da malaman yankin suka shirya da kansu ya fi duk waɗannan daraja. Sau da yawa a cikin makarantu biyar, ɗaya ce kawai ke da ƙwararren malamin lissafi. Idan aka jingina waya a kan tulin littattafai aka ɗauke shi yana warware lissafin kashi-kashi a allo na minti goma, yana bayani da Hausa kafin ya kawo kalmar Turanci, yana misali da tiyar gero da kuɗin cefane, to, yaran makarantu biyar sun sami malamin. A ɗauki hoton a wuri mai haske, a matso da wayar kusa domin murya ta fita, a kuma sa wa kowane darasi suna da aji, don kada a tara bidiyo ɗari da ba a san na farko ba. A guji ɗaukar fuskokin yara ko yaɗa sakamakonsu a WhatsApp ba tare da yardar iyaye ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi haka, kuma iyaye, musamman na 'yan mata, suna iya janye yardarsu daga shirin baki ɗaya a kan hoto guda.

Horon malamai ya kasance na juna da juna, sau biyu a wata a makarantar cibiya, kuma kowane zama ya ƙare da malami ɗaya yana koyar da darasi na gaske da kayan a gaban 'yan'uwansa. Kowace makaranta ta turo mutum biyu aƙalla, saboda canjin wurin aiki, kuma a tabbatar akwai malama a cikinsu. Ana iya neman taimakon matasan yankin da suka yi karatu a cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ko ta Bichi. 'Yan bautar ƙasa ma suna da amfani, amma shekara ɗaya suke yi, don haka aikinsu shi ne koya wa malaman dindindin, ba riƙe mabuɗi ba.

Kayan da ke yawo tsakanin makarantun a sa su cikin akwatin ƙarfe mai soso a ciki, tare da littafin rajista da mai bayarwa da mai karɓa za su sa wa hannu bayan sun ƙirga komai, har igiyar caji, wadda ita ce takan fara ɓata. Mako guda a kowace makaranta ya fi zagayen kullum, domin jijjigar babur a hanyar burji tana illa ga majigi. Wajen tsara jadawali a tuna da ranar kasuwa: makarantar da ke kusa da Maigatari ba za ta cika ranar Alhamis ba, amma ta kusa da Gujungu ba ta da matsala domin kasuwarta Lahadi take ci. A aji mai yara tamanin da kwamfutar hannu goma, a raba su rukuni-rukuni, a rubuta sunan wanda zai riƙe na'urar a kowane zagaye, in ba haka ba yara uku masu ƙarfin hali ne za su mamaye ta har ƙarshen zango. A toshe tagogi biyu na gaba da tabarma domin hoton majigi ya fito.

Kuɗin gyara kuwa a buɗe masa asusu mai sa hannun mutum uku daga makarantu daban-daban. Kada a ɗora wa ɗalibai haraji, domin dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin matakin farko kyauta ne. A nemi gudummawar tsofaffin ɗalibai da ƙungiyoyin ci gaban gari da manoma a lokacin kaka, a kuma riƙa ware wani abu domin sabon batir tun daga watan farko. A ƙarshen kowane zango a zauna a duba rajista, a gwada yaran aji shida da na sakandare: wa zai iya kunna kwamfuta, ya rubuta sunansa, ya amsa tambayoyi ashirin cikin lokaci? Wannan rajista da wannan sakamako su za a haɗa da takardar neman tallafi idan za a tunkari hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB), ko hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa (NITDA), ko asusun faɗaɗa sadarwa (USPF) na hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC), a kuma aika da ita da sunan makarantun gaba ɗaya ta hannun sakataren ilimi.