Yadda za ka kwana da ɗumi a hunturun Jos da shimfiɗar lantarki ba tare da ka kashe batirin sola ba

Duk wanda ya taɓa fitowa alwalar asuba a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira sanyi. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma akwai daren da ma'aunin zafi ke saukowa zuwa digiri 10 ko kusa da haka. Mu da muka yi gini a gefen gari, inda turakun wuta ba su iso ba, sola ce wutarmu, kuma sola ba ta ɗaukar hita. Hitar ɗaki tana jan wat 1,000 zuwa 2,000, ba ta barin komai a batir. Shi ya sa mutane ke komawa ga kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga. Don Allah a daina. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take kashe mutum.

Shimfiɗar lantarki ta fi duka sauƙi, domin gadon kawai take ɗumamawa, ba ruwanta da sauran ɗakin. Ta gadon mutum ɗaya tana jan wat 40 zuwa 60, ta babban gado wajen 100 ko sama kaɗan. Ina nufin wadda ake shimfiɗawa a kan katifa a kwanta a kanta. Akwai bargon lantarki na lulluɓa, amma ni ban yarda da shi a gidan sola ba, rabin ɗuminsa sama yake tafiya.

Ka fara da karanta takardar da aka ɗinka a gefenta tun kafin ka tambayi kuɗi. Wutarmu a nan bolt 230 ce. In ka ga an rubuta 220 zuwa 240, wannan tamu ce, irin ta Ingila da sauran ƙasashen Turai. In ka ga 110 ko 120, ta Amurka ce, ajiye musu kayansu. Na ga mutum biyu sun sayo irin wannan cikin kayan gwanjo don arha, suka canza mata kai suka soka a soket, nan take ta ƙone. Ni gwanjo ma gaba ɗaya ban so a wannan harka. Rigar sanyi da safa a kasuwar Katako ta nan Jos babu laifi, amma abin da waya ke zagaye cikinsa, ba ka san sau nawa aka ninke shi aka danne cikin dila ba. In dole sai gwanjon, ka shimfiɗa ta ka bi wayar da tafin hannu daga farko zuwa ƙarshe. Ka ji ƙulli, ko ka ga tabon ƙuna komai ƙanƙantarsa, ko igiyar ta tsage kusa da maɓallin, ka haƙura.

Sai inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta soket ɗin gida. In fankarka tana gurnani duk lokacin da take kan inbata, to inbatar nan mai arha ce wadda wutarta ba ta da santsi irin na NEPA, kuma irinta na lalata maɓallin shimfiɗa mai nuna lamba. Ko dai ka canza inbata, ko ka nemi shimfiɗa mai bolt 12, zan zo kanta.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, har da ni: lissafin batir.

Shekarar da na fara, batirina ɗaya ne, bolt 12 mai amfiya 100. Na kunna shimfiɗa da ƙarfe tara na dare, na kai maɓallin ƙarshe, muka kwanta. Wajen ƙarfe uku inbata ta fara kuka, sannan ta ɗauke. Daidai lokacin da sanyin ke sauka da gaske, tsakanin uku zuwa kiran assalatu, gadon ya huce. Washegari na sake yin haka, na ɗauka hazo ne ya hana batirin cika. Na yi kusan sati uku ina tatse shi kowane dare. Kafin hunturu ya wuce, batirin da ke kai mu safiya da fitilu ya koma ba ya kai sha biyun dare. Mai gyaran da na kira ya auna ya ce, “Yallaɓai, shimfiɗar ba ta da laifi. Kullum kana kwashe tukunyar har ƙanzo, dole ta gaji.”

Ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Ka ninka bolt da amfiya: 12 sau 100 ya ba ka 1,200, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 1,200 na awa ɗaya, ko na wat 100 na awa goma sha biyu. Wannan shi ne abin da ke cikin batirin in ya cika taf. Amma batirin ruwa, ko tubula ne ko na rufe, rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Saboda haka 600 ne naka. Daga magariba zuwa tara, fitilu da talabijin da cajin wayoyi sun riga sun ci wajen 200 a gidana. Saura 400. Shimfiɗa mai wat 100 a kan maɓallin ƙarshe tana iya cinye wannan cikin awa huɗu.

Akwai kuma ɓarawon da ba a lissafawa. Inbata kanta tana cin wuta muddin tana kunne, ko ba a jona mata komai ba. Tawa tana cin wajen wat 25, wato 200 a awa takwas. Ka duba littafin taka, ko ka sa a auna maka. Mutane da yawa sun san wat ɗin shimfiɗarsu amma ba su taɓa jin wannan ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne: minti 45 kafin kwanciya na kunna ta a kan maɓalli mafi ƙarfi, na rufe gadon ruf da bargo mai kauri. Bargon nan shi ne rabin aikin, in ka bar gadon a buɗe ɗumin ya tafi a banza. Wannan ya ci wajen 75 kawai. Da za mu kwanta na kashe ta, na kashe inbata. Jikin mutum da bargo biyu suna riƙe ɗumin har tsakar dare. Wanda ya farka wajen uku ya ji sanyi ya shigo, ya sake kunnawa na rabin awa a kan maɓalli na ɗaya. Duka daren bai kai 150 ba. Mai batir mai amfiya 200, ko mai litiyom wanda ake iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, yana iya barinta kan na ɗaya har safiya. Litiyom yana da tsada ƙwarai, kuma ban ce ka saye shi saboda shimfiɗa kaɗai ba.

In kana da wanda zai sayo maka daga waje ko ta intanet, ka nemi mai bolt 12, irin wadda direbobin manyan motoci ke kwana da ita. Ita ba ta bi ta inbata, don haka ɓarawon can ya fita daga lissafi. Mai wat 50 tana jan amfiya 4 da ɗan wani abu. Kada ka manna ta kai tsaye a kan batir. Ka bi da ita ta ƙofar fitar wuta ta akwatin da ke kula da cajin sola, shi zai yanke da kansa in batir ya yi ƙasa. A sa fiyus mai amfiya 10, waya mai kauri, gajera. Siririyar waya mai tsawo a bolt 12 tana zubar da wutar a hanya, har ta yi zafi.

Ƙurar hunturu kuma tana rufe farantan sola. Ka wanke su duk bayan kwana biyu ko uku da sassafe, kafin rana ta gasa gilashin, da ruwa da tsumma mai laushi. In batirin bai cika da rana ba, duk lissafin nan ya rushe.

Shimfiɗawa ba wuya: katifa, shimfiɗar a miƙe ba lanƙwasa, a ɗaure igiyoyinta a ƙarƙashin katifa, zanin gado a sama. Maɓallin ya rataya a waje, kada ya shiga ƙarƙashin filo. Ba a kunna ta a ninke, ba a soka mata allura ko fil, ba a haɗa ta da robar ruwan zafi.

Ba ta jariri ba ce, ba ta yaron da ke fitsarin kwance ba ce. Tsofaffi kuwa, musamman masu ciwon suga da ƙafarsu ba ta jin zafi sosai, suna iya ƙonewa ba su sani ba. Hajiyarmu ta fi kowa son ta a gidan nan, amma ni nake ɗumama mata gadon bayan isha'i, in zare daga soket kafin ta kwanta. Takan ce, “Bar min ita mana, ɗan nan.” In ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ga bargo na uku.”

Idan zafi ya fara shigowa a Maris, ka cire ta, ka naɗe ta kamar tabarma, ka ɗora a saman kwaba inda ɓera ba ya kai wa, kada a jibga mata kaya. Wanki sai in takardarta ta yarda kuma igiyar tana cirewa, sannan ta bushe ƙayau kafin a sake jona ta. Nuwamba na kamawa ka sake bin wayar da hannu, ka kunna ta minti goma da rana kana tsaye a wurin.